Abin da Mati Wanzami Ya Ƙi Tsagawa

A ƙauyukan da ke kewaye da Danja da wuya a sami gidan da askar Mati Wanzami ba ta taɓa shiga ba. Shi ke yi wa jarirai askin suna, shi ke yi wa manoma ƙaho in noma ya bar musu ciwon baya, shi kuma ake aika wa ɗan acaɓa idan maruru ya hana magidanci zama a kan tabarma. Aikinsa yana da kyau, ba mai musun haka, sai dai bakinsa ya fi askarsa kaifi. Kafin ya aske maka rabin kai ka sha labarin mutanen da ya ceto, kuma kowane labari a kan yatsunsa yake ƙarewa. Cewa yake Allah ya sa masa ido a yatsu. Da ya ɗora su a kan kumburi zai gaya maka ko maruru ne ya nuna, ko kaluluwa ce mai zillewa, ko kuwa jini ne ya kwanta yana son ƙaho.

Tun bayan rasuwar matarsa Maijidda, Mati yake zaune da autarsu Raudatu, budurwa mai kimanin shekara ashirin. Sauran 'ya'yan sun yi aure sun watse, wasu Funtuwa, wasu Malumfashi. A sashen da ke jikin nasu akwai yayarsa, wadda tun tana zanin goyo ake kiranta Tsohuwa saboda sunan kakarsu da ta ci, yanzu kuwa shekaru sun zo sun cika mata sunan. Ita kaɗai ce a duniya ke iya katse Mati yana tsakiyar labari ta ce masa ƙarya yake yi.

Raudatu ɗinkin hula take yi, tana kai wa dillalai a kasuwar Danja. Yarinya ce marar yawan magana, kamar dai uban ya cinye rabonta. Shi ya sa da abin ya fara fito mata a farkon damina ba ta gaya wa kowa ba, sai ta riƙa jawo hijabi har gefen baki ko da a tsakar gida take.

Wata rana da hantsi ta kawo masa fura a zaure, ta sunkuya za ta ajiye kwanon, hijabin ya zame. Mati ya ga gefen muƙamuƙinta ya yi tudu-tudu, fatar wurin ta yi duhu tana ƙyalli.

"Auta, matso nan," in ji shi. "Me ya same ki a fuska?"

"Ƙuraje ne, Baba."

"Ƙuraje? Kina gidan wanzami ƙuraje su yi miki haka ba ki faɗa ba?"

Yana dariya ya faɗi haka, yana goge hannu a rigarsa. Ya ɗora yatsu a wurin. Ya lalubi baki bai samu ba. Maruru yana da ido, in bai fito ba ma yatsa na jin inda zai fito. Waɗannan kuwa ba baki ba ido, suna can ƙasa ƙarƙashin fata, da tauri, kamar gurjiya a cikin ƙasa. Ya bi layin muƙamuƙin har ƙarƙashin haɓa, ya ji wani babba ya zauna daram. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya janye hannunsa, ya ce ta tafi, ya bar furar nan har ƙuda ya gaji da ita.

Abin da ya tsorata shi ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san gidan. Ciwon Maijidda ma da ƙululu ya fara, a wuya, daf da inda na Raudatu ya zauna. An sha jiƙe-jiƙe, an yi shafe-shafe, sai da ta kasa haɗiyar tuwo sannan aka kai ta wani babban asibiti a birni. Can aka soka allura a ƙululun aka ɗebi abin da za a gwada. Ba ta ga kakar waccan shekarar ba. A zaman makoki duk wanda ya zo gaisuwa, in ya gama addu'a sai ya rage murya ya ce, "Ai daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe. Da ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata." Mati bai buƙaci a gaya masa ba. Abu na farko da ubansa ya koya masa ke nan ranar da ya miƙa masa zabira, wato jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa: kumburin da ba shi da baki, kada aska ta kusance shi.

To, ga shi yau a fuskar autarsa. Mati ya ƙudura a ransa abu biyu. Ƙarfe ba zai taɓa Raudatu ba, nasa ko na likita. Sunan ciwon kuma ba zai fito daga bakinsa ba, don kada ta ji ta karaya, don kuma shi kansa tsoron sunan yake ji.

Ya tafi kasuwar Danja wurin wani mai maganin gargajiya, ya yi masa kwana-kwana da zance, ya ce wata ce a dangi. Aka ba shi garin saiwa, aka ce a kwaɓa da man kaɗanya a riƙa laftawa safe da yamma. Da hannunsa yake lafta mata, mai kauri, har fuskar ta riƙa naso in rana ta yi. Ya karɓe 'yan kunnenta, don su ma ƙarfe ne. Ya hana ta zuwa ko da shagon magani na bakin titi, don ya san halin yaran nan, kana cewa kanka na ciwo sai su ɗauko allura. Raudatu ba ta tambayi dalili ba. Abin da kawai ya sauya a wurinta shi ne ɗinki. Ta ajiye hulunan dillalai gefe, ta ɗauko wata sabuwa mai ruwan toka, ta duƙufa a kanta tun daga safe har hasken rana ya ƙare. Ko abinci sai Tsohuwa ta yi mata tsawa take ajiye zaren.

Ana nan, ran nan Mati ya shigo gida ya tarar da ita tana ɗinki a gindin bishiyar mangwaro, zufa na tsiyayo mata. Ta ɗaga hannu ta share haɓarta, allurar na tsakanin yatsunta, tsinin ya wuce daf da babban ƙululun. Mati bai san sa'ad da ya yi tsalle ya kama hannunta ba.

"Kawo! Kawo su duka!"

"Baba, me na yi?"

"Na ce ki kawo. Daga yau ba ke ba allura a gidan nan."

Ya juye gwangwanin da take ajiye alluranta, ya naɗe su a tsumma tare da 'yan kunnen, ya cusa a can ƙasan zabira. Raudatu da ba ta yi kuka ba ranar da ya hana ta fita, ba ta yi ba duk zafin da fuskar ke yi mata, ranar nan ta yi kuka har da shessheƙa. Ta riƙe hular da ba ta kai rabi ba tana cewa, "Don Allah Baba ka bar ni in gama wannan, wannan kaɗai." Ya juya mata baya ya fita. A ransa yana cewa yarinta ce, ana ta rai tana ta hula.

Tsohuwa ta biyo shi har zaure, zani a hannu.

"Mati, kai lafiyarka ƙalau kuwa? 'Ya'yan mutane ka tsaga su ka matse su warke, taka ɗiyar ka zuba mata ido fuska na lalacewa? Ko askar taka ta bar ci ne?"

"Yaya, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. In ba za ka tsaga ba, ka bari a kai ta asibiti."

"Wallahi duk wanda ya kai ta asibiti ban yafe ba."

Tsohuwa ta riƙe baki. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce lallai tsufa ya fara taɓa shi ta ka, ta koma ciki tana mita.

Damina ta yi nisa, masara ta yi goyo, fuskar Raudatu kuwa sai abin da ya ƙaru. Wani ya kwanta ya bar baƙin tabo, wani ya taso a kumatu, man kaɗanya na bin su ana ƙara laftawa. Mati ya rame. Mutumin da ba a iya rufe masa baki ya koma yin aski shiru kamar mai takaba. Har ya yanki Alhaji Buba mai rake a bayan kunne, abin da bai taɓa faruwa ba, Alhaji ya ce, "Wanzam, in yunwa kake ji ka faɗa a kawo maka abinci, kada ka cire min kunne." Mati bai ko murmusa ba. In ya fita gona sai ya tsaya a tsakiyar masara, inda ba mai ganinsa, ya yi ta roƙon Allah ya ɗauke shi kafin ya sake ganin abin da ya gani a kan Maijidda.

Ranar da maganar ta fito fili, an kira shi askin suna a wani ƙauye ta hanyar Bakori. Da ma in ya je suna sai la'asar yake dawowa, don ba ya barin wuri sai an raba nama. Ranar kuwa zuciyarsa ta ƙi kwanciya, yana gama askin ya juyo. Ya tarar da gida shiru, sashen Tsohuwa a kulle. Matar maƙwabcinsu ta leƙo ta katanga ta ce ai tun da sassafe suka hau motar Funtuwa, Tsohuwa ta ce asibiti za su.

Mati bai ko sauke zabirar daga kafaɗa ba. Ya tare ɗan acaɓa a bakin titi ya ce Funtuwa, ya ce kuma kada ya tsaya ko da tayar za ta fita. Duk ramin da suka faɗa sai ya ce a ƙara wuta. Ɗan acaɓan ya ce, "Baba, in muka mutu a hanya wa zai kai saƙon?" Mati ya ce ya ja bakinsa ya yi tuƙi.

A asibiti ya riƙa kutsawa tsakanin masu jira yana leƙa ɗakuna, ma'aikata na kiransa yana wucewa. Muryar Tsohuwa ce ta taimake shi, don ana jin ta daga nesa. Ya tura ƙofar ɗakin da muryar ke fitowa. Ga Raudatu a zaune a kan kujera ta sauke hijabi zuwa wuya, ga wata likita, matashiya mai tabarau, ta sa safar hannu tana duba haɓarta. A kan teburin gefe kuwa ga faranti da allura a cikin ledarta.

"Kada ki taɓa ta da ƙarfe!" Mati ya faɗa da ƙarfi. "Don girman Allah kada ki soka mata. Daji ne! Irin na uwarta ne!"

Sunan da ya yi watanni yana riƙewa ya fito ke nan, a gaban kowa. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Mati, ashe abin da ke cikinka ke nan?" Raudatu ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta.

Likitar, wadda ake kira Likita Jamila, ba ta yi fushi ba. Ta jawo kujera ta ce, "Baba, zauna ka huta. Ba abin da za a yi mata sai da saninka. Ga allurar can ko buɗe ta ba a yi ba." Da ya zauna ta dubi zabirar ta ce, "Wanzami ne kai ashe. To ka taimake ni, tunda hannunka ya san kumburi. Na marigayiya, da ya fara, yana yi mata zafi in an taɓa?"

Mati ya tuna baya. "A'a. Da fari ko kaɗan. Shi ya sa ma muka yi sakaci."

"Ya taɓa kwanciya da kansa, wani ya fito a wani wuri?"

"Ina! Guda ɗaya ne, kullum gaba yake yi. Kamar dutse."

"Na Raudatu fa?"

Shi da kansa yake shafa mata magani safe da yamma. Ya san tana cije leɓe in ya taɓa. Ya san na kumatun hagu ya kwanta ya bar tabo, na dama ya taso bayansa. Duk yatsunsa sun gaya masa wannan tuntuni, tsoro ne ya hana shi saurara.

"Ta kuma gaya min suna tashi su lafa ne tare da lokacinta na wata-wata," in ji likitar, ta faɗe shi a hankali. Mati ya ɗaga kai yana nazarin silin ɗakin kamar an aike shi ya ƙirga shi, Raudatu kuwa ta ja hijabi ta rufe ido.

"Baba, wannan ba daji ba ne. Ƙurajen fuska ne, irin na samari da 'yan mata, sai dai nata masu zurfi ne. Ka san fata tana da 'yan ƙofofi inda gashi ke fitowa, ta nan maiƙon jiki ke fita. In maiƙon ya yi yawa ya haɗu da matacciyar fata, sai ƙofar ta toshe, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, wurin ya kumbura. In a sama abin ya tsaya, shi ne ƙurjin da kake gani da farin kai. In kuwa can ƙasa ya fashe, sai ya zama irin wannan, ba baki, sai tauri da zafi. Shekarunta ne ke kawo yawan maiƙon, zufa da mai mai kauri su ƙara toshe wurin. Wani lokaci kuma gado ne. Akwai wanda ya yi irinsu a gidanku?"

"Babu," in ji Mati.

"Ƙarya yake yi," in ji Tsohuwa. "Likita, dubi kumatunsa da kyau, gemu ne ya rufa masa asiri. Yana saurayi fuskar nan kamar an yi kaftun dankali. Babanmu ya ce mugun jini ne, ya bi su da aska ɗaya bayan ɗaya. Ga ramukan nan har yau."

Mati ya kai hannu ya shafa kumatunsa. Ramukan suna nan kuwa, ya daɗe da mantawa da inda ya samo su. Wani abu mai nauyi da ya danne masa ƙirji tun farkon damina ya fara sassautawa, amma bai yarda ya sake shi duka ba tukuna.

"Kin tabbata, likita? Kada ki faɗa don ki kwantar min da hankali."

"Na duba wuyanta da hammatarta, ba abin da na ji mai tayar da hankali. Da ina da shakka, da gwaji zan tura ku, ba zan ɓoye maka ba. Kuma bari in gaya maka, ƙin tsagawar da ka yi ka kyauta mata ƙwarai. Irin waɗannan in aka tsaga ko aka matse, ciki suke ƙara fashewa, su bar rami har abada. Dalilinka ba daidai ba ne, amma ka tsare mata fuska." Ta ɗan yi murmushi. "Man kaɗanyar nan kuwa da kake laftawa, shi ya ƙara rufe ƙofofin. Daga yau a daina."

"Na faɗa masa!" in ji Tsohuwa, har da gyara zama. "Mutum sai taurin kai."

"Man da Gwaggonta ta sayo mata a kasuwa a ɓoye, mai goge tabo, shi ma a zubar," in ji likitar. "Irinsa yana sa fata ta yi haske kwana biyu, daga baya ya ƙara ƙurajen."

Tsohuwa ta shiga gyaran ɗaurin kallabinta, ba a sake jin bakinta ba sai can.

Likita Jamila ta yi musu bayanin magani. Ƙwayoyi ne za ta sha na 'yan watanni, da wani man da za ta riƙa shafawa kaɗan kafin ta kwanta. Ta wanke fuska da sabulu marar ƙarfi safe da yamma, ba gurzawa, ba matsawa. In wani ya taso yana zafi ta ɗora tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. Hijabin da ke shan zufa a haɓa a riƙa wanke shi akai-akai. Ta ce abin ba ya warkewa dare ɗaya, sai an yi haƙuri, in kuma wannan bai ji ba akwai magani mai ƙarfi a wurin likitan fata, wanda ba a shansa sai da kulawarsa.

"Saura babban nan na ƙarƙashin haɓa," in ji ta. "Akwai 'yar allura da ake yi a cikinsa, ta sa ya sace da wuri kafin ya bar tabo. Ba dole ba ce."

"A bar shi," in ji Mati da sauri. "Tunda ba dole ba ce, a bar shi. Uwarta ma daga allura ne."

"Baba, ban ga marigayiya ba, Allah ya jiƙanta, ba zan ce na san ciwonta ba. Amma allurar gwaji ba ta fusata daji. Abin da muka fi gani shi ne, kafin a kawo mana mutum ciwon ya riga ya yi nisa, sai a ga kamar allurar ce."

Maganar ta yi wa Mati ɗaci, don ya tuna tsawon lokacin da suka ɗauka suna jiƙe-jiƙe. Sai ga muryar Raudatu, a hankali amma ba rawa.

"A yi min, likita."

Ya juyo ya dube ta. Tun da aka haife ta bai taɓa cewa a'a ta ce i ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Ina so in gani da idona."

Mati Wanzami, wanda ya yi shekaru yana tsaga jikin mutane hannunsa ko gezau, ya miƙe ya fita daga ɗakin don ba zai iya kallo ba. Ya zauna a gindin dogon yaro a harabar asibitin, ya rungume zabira. Bai daɗe ba suka fito. Tsohuwa, wadda bakinta ya dawo, ta ce, "Tashi mu tafi, jarumi. Har an gama, ko uffan ba ta ce ba."

Kwanakin da suka biyo baya Mati ya zama mai yawan aike. Auta kawo ruwa, Auta ɗauko min buta, Auta zo ki ga wannan kazar ko lafiya take. Duk don ta matso ya saci kallon haɓarta ne. Yana jiran ya ga wurin ya fusata, ya haura, ya yi irin abin da ya sani. Bai fusata ba. Kafin mako ya zagayo ya kira ta zaure, ya wanke hannu, ya ɗora yatsu. Ƙululun nan da ya hana shi barci ya sace, saura ɗan tauri kamar ƙwayar dawa. Ya taɓa, ya sake taɓawa. Sai ya ce ta je ta kawo masa fura, da yawa, ya shanye tas har yana neman ƙari.

Ba a ce fuskar ta koma sumul nan da nan ba. Wasu sun sake tasowa, ƙanana, tabon kuma ya daɗe kafin ya fara dushewa, sun kuma koma Funtuwa ba sau ɗaya ba. Amma gidan ya dawo gida. Bakin Mati ya buɗe, har ya fi da. Duk saurayin da ya zo masa da irin ƙurajen nan yana so a tsaga, sai ya taɓa, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba na aska ba ne, ƙofar maiƙo ce ta toshe. Tafi asibiti." Yana faɗa kamar shi ya gano abin tun kakanninsa, Tsohuwa kuwa in ta jiyo ta katanga sai ta yi tari da gangan.

Da kaka ta yi, aka kawo masara gida aka zube a tsakar gida. Wata la'asar suna zaune su biyu suna ɓarzar ta da hannu, Mati ya jawo zabira, ya zura hannu can ƙasa ya fito da tsumman nan. Ya ajiye a gabanta, yana kallon wani wuri.

"Ga kayanki. 'Yan kunnen ma suna ciki."

Raudatu ta kwance tsumman. Alluran sun ɗan yi tsatsa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da hular nan mai ruwan toka, zaren na reto inda ta tsaya.

"Wai ni hular wace ce wannan da kika kusa tsine min a kanta?" in ji shi, yana dariya.

Ta matso ta ɗora masa ita a ka. Ta zauna masa daidai, kamar an auna.

"Taka ce, Baba."

Ya daina dariya.

"Ranar da ka taɓa fuskata ka yi shiru, na gane abin da ka gani," in ji ta. "Ni nake riƙe wa Inna kwano lokacin ciwonta, na san inda nata ya fara. Da ka karɓe 'yan kunnena sai na tabbata. Ban so ka san na sani ba, don na ga yadda kake ramewa. Na ce tunda ban taɓa ɗinka maka ko ɗaya ba, bari in yi sauri in gama wannan, ka samu abin da za ka riƙa sawa."

Watanni suna kwana a gida ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda, shi yana ganin yana tsare ta, ita tana ganin tana tsare shi. Tausayinta da kunyar kansa suka taru suka cika masa ido, hawaye ya bi ramukan kumatunsa ya shige gemu, bai ko share ba. Ya cire hular a hankali ya miƙa mata.

"To ki gama min ita, Auta. Ina so in sa ta ranar Juma'a."

Raudatu ta goge allura ɗaya a gefen zaninta, ta lashi bakin zaren, ta ɗaga shi saitin haske tana zurawa.

"Wace Juma'ar, Baba? Hulunan dillalai na nan jibge suna jirana," in ji ta. "Taka kam sai ka yi haƙuri. Yanzu ba sauri nake yi ba."